Taken Fatalwa a Cocin Mai Keke

Tun da na dawo daga Ingila ban huta da tambaya ba. In na je rijiya tambaya, in na fito daga sujada matan zumunta su kewaye ni kamar na zo da rabon taki. "Mama Saratu, yaya ƙasar? Kin ga cocin? Ina hoton?" Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowace ta ɗauki nata ta ƙara masa gishiri. To ga shi na zauna na rubuta da hannuna. Shekara talatin na yi ina koya wa 'ya'yanku rubutu a firamare, wannan ba zai gagare ni ba. Wadda ta karanta ta ji haushi ta san ƙofar gidana.

'Yata Rifkatu, wadda ke aikin nas a can, ita ta yi haihuwar fari, ta aiko in je in yi mata wankan jego. A shekarar nan ce da mai ya yi tsada har masu babur suka koma tafiya a ƙasa, taki ya gagari talaka, gidaje da yawa suka koma auna gero da gwangwani maimakon kwano. Kowa ya ce na tsira. Ni kuwa ba tuwon Turawa ne ya ɗauke mini hankali ba. Garin da Rifkatu take bai fi tafiyar awa guda a jirgin ƙasa ba zuwa cocin da ya aiko mana Mai Keke.

Ga yaran yanzu da ba su san shi ba, Mai Keke shi ne Baturen mishan da ya fara kawo bishara ƙauyenmu, nan kusa da Makoda, ina 'yar shekara takwas. Babanmu Jatau makaɗin garaya ne na 'yan bori. Kowace iska tana da takenta, wato kiɗan da in an yi mata za ta sauko, kuma babu wanda Baba bai iya ba. Da Baba ya ba da gaskiya, Mai Keke ya ce kiɗan da ke kiran iska ba zai kwana gida ɗaya da mai bi ba. Wata Lahadi aka hura wuta a ƙofar coci, Baba ya jefa garayarsa da hannunsa, muna ta tafi. Yayana Nomau ne kaɗai bai tafa ba. Bai taɓa shiga coci ba kuma, ya je ya sassaƙa tasa garayar.

Ranar da muka binne Baba, shekara ashirin da shida ke nan, Nomau ya zo bakin kabari da garayar a rataye. Na tare shi. Ya kira ni da sunana na gida, ya ce, "Kande, ba na iska ba ne. Taken noman Baba ne, wanda ake yi masa a gayya. Ai ko a karatunku na Lahadi ina jiyo ana ambaton garaya." Na ce waccan daban, tasa daban. Na karɓi wuƙa a hannun wata mai aikin abinci, na yanke tsirkiyar garayar duka biyun a gaban jama'a. Tun daga ranar ko ina kwana ba ta sake haɗa mu ba, alhali gamba ce kawai ta raba gonata da tasa. Ba a ƙara jin garaya a unguwarmu ba, ni kuma na ɗauki wannan a matsayin nasara.

Ana gobe zan tafi Ingila, matarsa Lantana ta shigo da ƙullin soyayyiyar gyaɗa. Ta ce, "Gwaggon yara, yayanki ya ce a kawo miki guzuri. Ƙafafunsa sun kumbura, wata biyu bai fita ba. Ya ce ki daure ki leƙo ku yi sallama, tafiyar da nisa, shi kuma jikin ga shi nan." Na ce ta gaya masa sai na dawo. Gyaɗar dai na karɓa na cusa a jaka, don shekarar ba ta mayar da abinci ba ce.

Daga ƙauye zuwa Makoda a babur, akwatina a kan tanki. Daga nan bas zuwa Ɗambatta, sai Kano. Direbanmu da ya hango 'yar gangara sai ya kashe mota don tattalin mai, mu yi ta silalowa shiru, in ta tsaya ya ce maza su taimaka da turi. Wani Alhaji mai fataucin fata da muka matsu a kujera ɗaya ya ji inda za ni, ya ce, "Mama, ki yi wa rana kallon ƙarshe, can sai a hoto." Na yi masa dariya, ashe shi kaɗai ne ya gaya mini gaskiya a duk masu ba ni shawara. Jirgin sama kam ba abin da zan ce, an ɗaure ni a kujera an ba ni shinkafa cokali uku a cikin ɗan akwati, da wuƙa da cokali mai yatsu kamar za a yi wani babban aiki.

A filin jirginsu kare ne ya fara tarbata. Kare da riga, da ma'aikaci a bayansa yana bin umarninsa. Ya zo ya zauna a gaban akwatina, aka ce in buɗe. Kilishin da na yo wa mai jego suka ɗauke, wai nama ba ya shiga ƙasarsu. Daddawa kuwa da jami'in ya kwance ledar sai da ya ja baya taku biyu, ya tambaye ni ko ta lalace ne a hanya. Na ce a'a, yanzu ta yi daidai. Kanwa ce ta kusa kai ni ɗakin bincike. Suka sa safar hannu, suka gutsura, suka ɗiga mata wani ruwa suna jiran ta canza launi. Na ce musu da Turancina na malamar firamare, "Kunu ake yi wa mai jego da ita, da ita aka yi renon nas ɗin da ke duba tsofaffinku." Suka mayar mini da ita ba wanda ya yi dariya. Gyaɗar Nomau ko kallonta karen bai yi ba.

Gidan Rifkatu ɗaki biyu ne a saman bene, ita da mijinta Bitrus. An yi haihuwa a gidan nan, amma ko mutum ɗaya daga maƙwabta bai shigo barka ba. Wata tsohuwa da ke ƙasanmu ta turo kati ta ƙarƙashin ƙofa, mai hoton agwagwa. Da na gamu da ita a matakala na tsaya na gaishe ta yadda ake gaisuwa, na tambayi kwana, na tambayi gida, na tambayi gajiya. Ta ce mini da alama za a yi ruwa, ta wuce tana tura karenta a keken jarirai. Wankan jego kuwa sai dai a kira shi haka don kara. Babu itace, babu ganyen darbejiya, ranar da na ce bari in tafasa ruwa sosai in kuma gasa ɗan nama, wani abu a rufin ɗaki ya ɗauki ihu har Bitrus ya hau kujera yana yi masa fifita. Abincinsu dankali ne a dafe, dankali a soye, dankali a dame, duk ba yaji. Da gyaɗar nan na riƙa gyara bakina, kaɗan-kaɗan, ba na bari zuciyata ta tsaya a kan wanda ya aiko ta.

Kullum na yi maganar cocin Mai Keke sai Rifkatu ta ce, "Mama, bari dai mu yi arba'in." Da muka yi arba'in na ce ba sauran hanzari. Bitrus ya duba waya ya ce akwai taro a can ranar Asabar da ƙarfe biyar na yamma, bai tsaya karanta sauran ba. Na ɗauka taron addu'a ne. Na ɗaura zanen zumuntarmu, na ɗauki faifan nan da kuka saƙa mai gicciye a tsakiya, wanda kuka ce in miƙa wa iyayenmu a cikin bangaskiya. Muka bar jaririya wurin ubanta, ni da Rifkatu muka hau jirgin ƙasa.

Ginin kam gini ne, na dutse, ya girmi kakan kakana nesa ba kusa ba. Da na ga layin mutane har titi sai hawaye ya cika mini ido, na ce ashe ƙarya ake yi musu da ake cewa sun daina zuwa coci. Sai da muka matso na lura. Wannan ya shafa farin abu a fuska, waccan ta zana jini a gefen baki, wani ƙato da furfurarsa ya ɗaura ƙahon roba. A bakin ƙofa kuma tikiti ake yanka. Rifkatu ta karanta takardar da ke manne a bango, ta kama hannuna.

"Mama, mu koma. Ba sujada ba ce. Fim za su nuna, na ban tsoro."

"A ina?"

"A nan ciki."

Na ce, "Daga Makoda na taso. Yanki mana tikitin, sai na ga ƙarshen abin."

A ciki bokitai ne jere a ƙasa suna tarar yoyon rufi. An rataya farin ƙyalle a gaban bagade, wato teburin sujada, ya rufe gicciye ruf. Ta gefen dama an kafa tebur ana sayar da giya a kofunan roba, a cikin ɗakin Ubangiji, mutane suna ɗauka suna zama a bencin da kakanninsu suka durƙusa. Na zagaya ina neman sunan Mai Keke, don an ce mana an rubuta shi a bango. Na same shi. Ɗan farantin tagulla ne, da sunansa da sunan Kano a ƙasa, a bayan inda suke rataye rigunan sanyi. Sai da na ɗage rigar wani kafin na iya karantawa.

Aka kashe fitilu. Fim ɗin baƙi da fari ne, ya girmi majigin da ake kawo mana a mota muna yara, kuma ba ya magana. Mutane suna ta motsa baki ba sauti, sai can a nuno rubutu. Labarin wani tsoho ne da ya mutu, 'ya'yansa suka raba gidan suka jefar da akwatinsa a rafi, shi ne fatalwarsa ke dawowa nema. Fatalwar kuwa wani ramamme ne aka bulbula wa gari a fuska aka zambaɗa masa kwalli. Da ya leƙo ta taga sai ka ji manya da gemunsu suna jan numfashi, wata a gabana har da ƙanƙame mijinta. Na ce a raina ƙoshi ne ke damunku. Da ɗayanku zai leƙa rumbu a tsakiyar damina ya hango ƙasansa, da ya san abin da ake kira faɗuwar gaba.

Tun da fim ɗin bebe ne, sai suka sa kiɗa ya yi masa magana. Abin kiɗan, ogan suke ce masa, bututai ne na ƙarfe jere a bango, wasu sun fi rumbuna tsawo. Wata 'yar tsohuwa siririya ce a zaune gabansa, tana dannawa da hannu tana takawa da ƙafa kamar masaƙi, idonta a kan ƙyallen. In ana gudu ta yi gudu, in ana kuka ta yi kuka. In ta taka na ƙasan nan har benci sai ya yi rawa. Gaskiya ta iya, ba zan hana ta abinta ba.

Ina zaune ina tauna gyaɗa ina tsaki, sai na lura da wani abu. Kafin fatalwar ta fito, tsohuwar nan takan sauke wasu sautuka uku masu kauri, ta maimaita, ta sake maimaitawa da ɗan sauri. Sai ga shi ya bayyana. Karo na biyu haka. A karo na uku babu komai a kan ƙyallen sai ɗaki da kujera, amma da na ji sautukan nan uku, bakina ya riga hankalina. Na ce da ƙarfi, da Hausa, "Ga shi nan tafe!" Aka juyo ana ce mini shhh. Sai ga shi kuwa ya fito daga bayan ƙofa.

Rifkatu ta raɗa mini, "Mama, kin taɓa ganin fim ɗin ne?"

Na ce, "Ina zan gan shi? Take ne. Takensa take yi masa, shi ya sa yake zuwa."

Daga nan ban ƙara sanin abin da ake nunawa ba. Ni 'yar makaɗi ce, a gindin garaya aka yaye ni, na san kiɗan kira in na ji shi ko da wane irin abu aka yi shi. Ga ni a cocin da ya aiko mutumin da ya sa Baba ya ƙone garayarsa don tana kiran iska, ga su sun rufe gicciye da ƙyalle suna kiran tasu da abin kiɗan sujada, har da tafi. Na duba hannuna, ashe yatsuna suna ta bugun benci, kuma ba kiɗan tsohuwar suke bi ba. Taken noman Baba ne, wanda na ɗauka na manta. Haushi ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, kunya kuma ta biyo bayansa, ta fi shi nauyi.

Da aka kunna fitilu na nemi faston. Wani saurayi ne mai fara'a, kofi a hannu. Na tambaye shi ko wannan ne aikin da aka keɓe shi ya yi. Ya ce in duba bokitan nan, rufi yana zuba, masu zuwa ranar Lahadi kuwa tsofaffi ne da ba su cika benci biyu ba, fim ɗin ne ke sa a tuna da ginin. Ya ce ai wasa ne kawai, ba wanda ya ɗauki fatalwar da gaske. Na ja shi har wurin rigunan sanyi na nuna masa farantin. Ya sunkuya yana karantawa, kana gani ka san yau ya fara. Na ba shi labarin wutar da aka hura a ƙofar cocinmu. Ya dafa ƙirji ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai. Sun iya ba da haƙuri, irin na wanda ya taka maka ƙafa a mota.

Muna tsaye sai ga tsohuwar mai kiɗa, ta ce ita fa tana neman matar da ta riga fatalwa fitowa. Da Rifkatu ta yi mata bayanin take, sai ta tafa hannu don murna, ta ce haka ne, kowane mutum a fim ɗin ta ba shi nasa kiɗan, ba ta taɓa samun wanda ya kama ta da wuri haka ba. Ta yi ta tambaya a kan garaya, tsirkiya nawa, da me ake kaɗawa. Sannan ta riƙe hannuna biyu ta ce, "Akwai wanda ya rage da ya iya? Don Allah kada ku bari ya ɓace. Asara ce babba."

Ku ji fa. Su ne za su gaya mini asara ce. Na buɗe baki in wanke ta tas, sai na ga ba ni da bakin. Bature ya sa an ƙone ɗaya, shi baƙo ne, bai san taken noma da na iska ba. Ta biyun wa ya yanke? Ni da na san bambancin tun ina goye. Na ce mata, "Saura mutum ɗaya." Na mayar da faifanku cikin jaka, muka fito.

Kada wata ta je ta ce Mama Saratu ta bar bangaskiya a Ingila. Ubangijina bai yi mini laifin komai ba, ba shi ya miƙo mini wuƙa ba. Amma sauran makonnin da na yi a can ban ji daɗinsu ba. Kullum sai na sa Rifkatu ta kira gida, in yi ta kewaye-kewaye da tambayar ruwa da amfanin gona, sannan in ce, "Su Nomau fa?" A ce yana nan dai. Gyaɗar ta ƙare saura 'yan ƙwayoyi, na kasa cinye su.

Da na sauka a Ɗambatta ban nemi motar Makoda ba sai da na shiga kasuwa layin dukawa. Na sami wani tsoho na ce tsirkiyar garaya nake so, guda biyu. Ya dubi zanen zumuntar da ke jikina, ya dube ni. Ya ce, "Mama, wa ya rage yana kaɗa garaya a ƙasar nan?" Na ce ya ba ni dai. Ya daɗe yana tonon wata tsohuwar jaka kafin ya samo.

Mai babur ya nufi ƙofar gidana, na ce ya wuce gaba. Lantana tana tsakar gida tana gyaran rama, da ta gan ni sai da kwanon ya kusa suɓuce mata. Na ɗora tsirkiyar a kan faifanku, na yi sallama a ƙofar ɗakin. Yana kwance a tabarma, ya rame ta sama ya kumbura ta ƙasa. Na durƙusa na ce, "Yaya, ina wuni." Shekara ashirin da shida, abin da na iya samu ke nan.

Ya ce, "Kande. Kin dawo? Yaya Turawan naki?"

Na ce, "Suna can suna kiran fatalwa a coci."

Na tura masa faifan. Ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna mini bango da haɓa. Garayar tana rataye. Ni duk zatona yana fita ƙauyuka da ita a ɓoye yana yi wa 'yan bori kiɗa. Tsirkiyar nan biyu suna reto yadda na bar su, yankan wuƙata bai ko canza ba.

Na ce, "Yaya, ba ka ɗaura wasu ba?"

Ya ce, "Wadda ta yanke nake jira."

Na sauko da ita, na kakkaɓe ƙurar da gefen zanena. Yana faɗa ina ɗaurawa, ja nan, sassauta can. Da na gama na miƙa masa. Ya ɗago hannuwansa ya nuna mini, yatsun sun kumbura ba sa ko lanƙwasuwa. Ya ce, "Hannun kam kin makara. Kunnen ne ya rage. Zauna sosai, ɗora ta a cinya."

Na ce ni mace, kuma shugabar zumunta. Ya ce da na karɓi wuƙa ban tuna da haka ba. Na kaɗa. Ya ce, "Ba haka ba, ke kamar mai tsinkar zogale." Na sake. Ya yi mini taken noman Baba da baki, na bi. Mun fi awa guda a haka, yana zagina ina kuskurewa, har aka zo wani wuri da ya daina gyara mini. Na ɗaga kai na ga ya rufe ido, leɓɓansa suna kiran sunan Jatau, hawaye yana gangara masa cikin kunne.

Hoton coci da kuke tambaya ban ɗauko ba, faifanku kuma yana ɗakin Nomau, a kansa ake ajiye masa magani. Kiɗan nan kuwa da kuke jiyowa da la'asar ta bayan gamba, kuna ta raɗe-raɗin wane ne ya dawo mana da garaya unguwa, har wasu na shirin kai ƙara wurin fasto, ku huta da bincike. Ni ce.